DARASI: RUWAN JUJI DA YADDA ƘANANAN HALITTU SUKE TSABTACE SHI

'Yan'uwa manoma da shugabannin ƙungiyoyi, darasinmu na wannan wata ya shafi jujin gari da ruwan da muke sha. Kowane gari yana da juji. A dā abin da ake zubarwa a juji toka ne da kara da kashin dabbobi da ragowar abinci, kuma da rani manomi yakan kwashe shi a mangala ya kai gona. Yanzu garuruwanmu sun girma, shara ta yi yawa, ta kuma sāke kama. Akwai leda da gwangwani da tsohon batir da kwalaben maganin feshi a cikinta. Sau da yawa kududdufin da aka haƙa domin ƙasar gini shi ne ake cikawa da wannan shara, ga kuma rijiyar unguwa a kusa.

Za mu duba abu uku: ruwan da ke tsattsafowa daga juji, haɗarinsa, da yadda ake sa ƙananan halittu su tsabtace shi. Yana da kyau a karanta darasin nan a taron ƙungiya, a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. MENENE RUWAN JUJI?

Dukanmu mun san yadda mata suke yin ruwan toka. Sukan zuba toka a cikin ƙwarya ko tukunya mai huji, su zuba ruwa a kai. Ruwan yana shiga fari, amma yana ɗigowa ta ƙasa da wata kama da wani ɗanɗano dabam, gama ya kwaso abin da ke cikin tokar. Haka juji yake yi da ruwan sama. Ruwa ya sauka a kan shara, ya ratsa ta a hankali, ya fito ta gindi baƙi ƙirin ko ja-ja, da wari. Shi ne muke kira ruwan juji.

Kada mu ɗauka ɗan kaɗan ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 yana ba da lita 1. A ce juji ya kai hekta 1, a ce kuma an yi ruwa milimita 800 a damina. Watau lita 8,000,000 ke nan suka sauka a kansa. Ko da rubu'i ne kaɗai ya ratsa sharar, an sami lita 2,000,000, watau duro 10,000 mai cin lita 200. In ba a tare wannan ruwa ba, ko ya gangara rafi, ko ya nutse ƙasa ya sadu da ruwan da rijiyoyinmu suke ɗiba.

2. ABIN DA KE CIKINSA

Na farko, ruɓaɓɓen abu da ya narke. Masana suna auna ƙarfinsa da yawan iskar oksijin, watau iskar da muke shaƙa mu rayu, wadda ƙwayoyin halitta za su buƙata cikin kwana 5 domin su cinye shi. Ruwan kwatamin birni yakan buƙaci miligiram 200 zuwa 300 a kowace lita. Ruwan sabon juji kuwa yakan wuce miligiram 10,000. Ruwan rafi a ƙasa mai zafi ba ya riƙe fiye da kamar miligiram 8 na wannan iska a lita. Saboda haka bokiti 1 na ruwan sabon juji yana iya ƙarar da iskar da ke cikin bokiti fiye da 1,000 na ruwan rafi. Wannan ne dalilin da kifi yake mutuwa ya taso sama in ruwan juji ya shiga tafki.

Na biyu, amoniya. Ita ce mai warin nan da ke hawa hanci a garken dabbobi ko a tsohuwar salga. Tana fitowa daga ruɓewar nama da wake da kashi da fitsari. A ruwan juji takan kai miligiram ɗaruruwa, har ma ta wuce 1,000 a lita, alhali ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi. In juji ya tsufa, ruɓaɓɓen abu yana raguwa ƙwarai, amma amoniya tana nan tana fitowa har shekaru masu yawa bayan an daina zuba shara.

Na uku, gishiri iri iri, wanda yake ƙona shuka ya kuma kashe ƙasa.

Na huɗu, dafin ƙarafa da magunguna. Batirin mota yana da dalma. Waɗansu kwayayen lantarki da tsofaffin batura suna da zaiba. Ga kuma ragowar maganin feshi da baƙin mai da fenti. Ban da waɗannan akwai ƙwayoyin cuta masu kawo zawo da kwalara, musamman inda ake bayan gida a juji.

3. MA'AIKATAN DA IDO BA YA GANI

Wa yake mai da madara ta zama kindirmo? Wa yake mai da kalwa ta zama daddawa? Ƙananan halittu ne da ake kira bakteriya. Ba a ganinsu sai da madubin likita, amma a cikin cokali ɗaya na ƙasa mai kyau akwai miliyoyinsu. Abin da muke kira dauɗa, a wurinsu abinci ne. Aikin mai tsabtace ruwan juji ya yi kama da na makiyayi: ya ba garkensa wurin zama, da iska, da lokaci, ya kuma kiyaye shi daga abin da zai kashe shi. Akwai ƙungiya huɗu da ya kamata mu sani.

Ƙungiya ta farko tana aiki inda babu iska, kamar a tsakiyar juji da ya danne. Aikinta a hankali yake, da wari. Tana fitar da gas mai kama wuta da ake kira mitan. Shi ya sa babban juji yakan yi ta hayaƙi ba wanda ya sa masa wuta.

Ƙungiya ta biyu tana aiki da iska. Tana da sauri, ba ta da wari sosai, tana kuma fitar da zafi. Duk wanda ya taɓa juya tarin taki ya ji ɗumi a hannunsa ya ga aikinta. Tana mai da ruɓaɓɓen abu ya zama ruwa da iska da laka mai kwantawa. A shekarar 1914 waɗansu masana biyu, Ardern da Lockett, a birnin Manchester na Ingila, suka nuna cewa in an hura iska a cikin ruwan kwatami, aka kuma ajiye lakar da ta kwanta aka zuba mata sabon ruwa, aikin yana ƙarewa cikin awoyi maimakon makonni. Lakar nan tana cike da ma'aikata. Kamar dai yadda mai nono take rage ɗan kindirmon jiya domin ta zuba a madarar yau.

Ƙungiya ta uku ita ce mai cin amoniya. Wani masani ɗan Rasha, Winogradsky, shi ya bayyana aikinta wajen shekarar 1890. Tana mai da amoniya ta zama naitret, irin abincin shuka da ke cikin waɗansu takin zamani. Wannan ƙungiya tana da wuyar kiwo. Ba ta haihuwa da sauri, guba kaɗan yana kashe ta, tana kuma cin iska da yawa: giram 1 na naitrojin da ke cikin amoniya yana buƙatar fiye da giram 4 na oksijin. Amma tana son ɗumi. A nan ƙasashe masu zafi sun fi na Turai sa'a, gama a can sanyin hunturu yana rage mata ƙarfi.

Ƙungiya ta huɗu ita take ƙarasa aikin. Naitret yana da amfani a gona, amma yana da lahani a rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, gama yana hana jinin jariri ɗaukar iska, har leɓunansa su yi shuɗi. Inda iska ta ƙare, in akwai ɗan abinci, wannan ƙungiya tana mai da naitret ya zama naitrojin, wanda yake tashi sama ba ya cutar kowa.

Mu lura da tsarin. Ruwa yana buƙatar ya bi ta wuri mai iska, sa'an nan ya bi ta wuri marar iska. Dukan hanyoyin da za mu bayyana a ƙasa a kan wannan aka gina su.

4. HANYAR FUKUOKA

Fukuoka birni ne a kudancin ƙasar Japan. A shekarun 1960 jujin birnin yana wari, yana ɓata ruwa, mutanen da ke kewaye suna kuka. Wani malami na Jami'ar Fukuoka, Masataka Hanashima, ya fara bincike a kan lamarin. Daga shekarar 1973 jami'ar da hukumar birnin suka yi gwaji tare. Sun ga cewa in an hura iska a cikin shara da inji, ruwan da ke fitowa yana yin sauƙi da sauri. Amma inji yana cin kuɗi. Sai suka nemi hanyar da iska za ta shiga da kanta. A shekarar 1975 aka gina jujin Shin-Kamata a kan wannan tsari, a 1979 kuma gwamnatin Japan ta sa shi cikin ƙa'idodin gina juji na ƙasar.

Ga yadda ake yi. Ana gyara gindin wurin ya ɗan gangara, a daɓe shi da abin da ruwa ba ya ratsawa. A shimfiɗa babban bututu mai huji-huji a tsakiya, da ƙanana a gefe da gefe kamar ƙashin kifi, a rufe su da duwatsu. A kan waɗannan a kafa waɗansu bututu a tsaye, su ma da huji, a riƙa ƙara musu tsawo yayin da shara take tashi. Bakin babban bututun yana fita waje ya zuba a tafki.

Bututun nan yana aiki biyu. Ruwa yana bi ta ƙasansa ya fita, ba ya kwana a cikin shara. Iska kuma tana shiga ta samansa, gama an yi shi da faɗi domin kada ruwa ya cika shi. Me yake jawo iskar? Zafin ruɓewa. Cikin shara ya fi waje zafi, iska mai zafi tana tashi ta bututun tsaye, sabuwa tana shigowa ta ƙasa ta maye gurbinta. Haka murhu yake jan iska ta bakinsa. Ta haka ƙungiya ta biyu da ta uku suke samun wurin zama a kan duwatsun da kewayen bututu, suna fara tsabtace ruwan tun kafin ya fito. Gas mai kama wuta yana raguwa, shara kuma tana kwantawa da wuri.

Doka ɗaya ce ba a karyawa: kada bakin bututun ya nutse a cikin tafki. In ya nutse, iska ta yanke, juji ya koma halinsa na dā.

Abin da ya sa hanyar nan ta bazu shi ne ba ta buƙatar kaya masu tsada. A waɗansu ƙasashe an yi amfani da gora da tsofaffin duro da tayoyi da fasassun duwatsu. An gwada ta a Malesiya da Iran da Samoa da Kenya. A watan Maris na 2017 tarin shara na Koshe a birnin Addis Ababa na Habasha ya zame ya danne gidaje, mutum fiye da 100 suka rasu. Bayan haka, da taimakon Japan da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka gyara wani sashe na wurin bisa hanyar Fukuoka. Aka sassabe tudun ya zama mataki mataki, aka sa hanyoyin fitar ruwa da gas, gama ruwan da ya taru a cikin tsaunin shara yana sa shi nauyi da santsi.

5. TAFKUNA

Ruwan da ya fito daga bututu bai gama tsabtacewa ba. Mataki na gaba shi ne tafkuna a jere, kowanne a daɓe da yumɓu sosai ko da leda mai kauri, domin kada ya yoyo.

Tafki na farko yana da zurfi, kamar mita 3. A nan laka take kwantawa, ƙungiya marar iska tana rage ƙarfin ruwan. Tafki na biyu faɗi gare shi, zurfinsa kamar mita 1 da rabi. Hasken rana yana sa gansakuka ta tsiro, ita kuwa tana ba da oksijin, bakteriya suna amfani da shi. In ruwan ya juya ya zama kore, alama ce aiki yana tafiya. In ya tsaya baƙi yana wari, an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. Inda akwai lantarki, ana sa inji ya riƙa kaɗa ruwan. Inda babu, ana iya sa shi ya gangaro ta kan matakan duwatsu domin ya sha iska. Ruwa yana buƙatar makonni a cikin tafkunan nan. Gaggawa ita take ɓata aikin.

A manyan birane ana yin wannan a cikin tanki. A hura iska na waɗansu awoyi, a tsaya laka ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a bar lakar domin zubi na gaba. Da rani kuma ana iya ɗiban ruwan tafki a mayar a kan juji, ya jiƙa shara ta ci gaba da ruɓewa, rana kuma ta shanye wani.

6. GADON TSAKUWA DA CIYAWA

Mataki na ƙarshe fadama ce da aka gina da hannu. Wata masaniya Bajamushiya, Käthe Seidel, ita ta fara gwada wannan a shekarun 1950. Ana haƙa rami marar zurfi, a daɓe shi, a cika da tsakuwa kamar santimita 60, a dasa ciyawar fadama. Ruwa yana shiga ta wannan gefe, ya bi ta cikin tsakuwar a hankali, ya fita ta wancan. Bakteriya suna manne a jikin tsakuwa da saiwoyi. Kusa da saiwa akwai ɗan iska da ciyawar take saukarwa, nesa da ita kuma babu. Saboda haka ƙungiya ta uku da ta huɗu suna zaune maƙwabtan juna.

A Turai da Amurka ana dasa kachala da makamantanta. A Ostareliya da Sin an yi amfani da wata ciyawa ta Indiya, 'yar'uwar jema da muka sani, mai saiwa da takan nutse mita 3. Game da kachala sai mu yi hankali. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. Kada a kai ta inda babu ita, inda aka dasa kuma a yanke ta kafin ta yi iri.

A kiyaye abu uku. Kada a zuba ɗanyen ruwan juji kai tsaye a gadon, gama amoniya da gishiri za su ƙona ciyawar. Sai ya bi ta tafki tukuna. Kada ruwa ya hau bisa tsakuwa, domin kada sauro ya haihu. Kada a ba dabbobi ciyawar da aka yanka a wurin.

7. ABIN DA BAKTERIYA BA SA IYAWA

Bakteriya suna cin abin da yake ruɓewa. Ba sa cin gishiri. Ba sa cin dalma ko zaiba. Waɗannan ƙarafa suna kwantawa a cikin laka ne kawai, shi ya sa lakar tafkin juji ba taki ba ce, ba a kai ta gona. Ruwan tsohon juji kuma yana da wani baƙin abu da ya riga ya gama ruɓewa, wanda ba sa iya taɓawa, sai an bi da ruwan ta gawayi na musamman ko magani.

Mun san abin da dalma take yi. A shekarar 2010 yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya. Wancan ba daga juji ba ne, amma dafin ɗaya ne da na batirin mota da ake fasawa a bayan gari. Dafa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma ko naitret. In ma ruwan ya daɗe yana tafasa, ƙara musu kauri yake yi.

Saboda haka ruwan da ya fito daga gadon tsakuwa, ko ya yi fari tas, ba na sha ba ne, ba na ban ruwan latas da alayyafo ba ne. A shayar da itatuwan inuwa da na katako da shi.

8. ABIN DA ZA MU IYA YI

Ƙauye ba zai gina abin da birnin Fukuoka ya gina ba, amma akwai aiki da ya dace da ƙarfinmu.

(a) Mu raba shara tun daga gida. Toka da ɓawo da ganye da kashin dabbobi su tafi ramin taki. In an cire abin da yake ruɓewa daga juji, an cire yawancin ƙarfin ruwansa, gona kuma ta samu.

(b) Batir da kwalaben maganin feshi da sharar asibiti kada su shiga juji ko taki. A tara su dabam a wuri busasshe, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya ko malamin gona. Manomin da yake sayen takin shara daga birni ya tsince waɗannan kafin ya baza.

(c) Kada a yi juji a kududdufi ko fadama ko bakin rafi. Mita 30 da ake faɗa tsakanin salga da rijiya bai isa ga jujin gari ba; a ba shi ɗaruruwan mita, ya kuma kasance a gangare da rijiya, ba a samanta ba.

(d) Kafin damina a haƙa lambatu kewaye da juji domin ruwan gangare ya wuce ta gefe. A rufe sashen da ya cika da ƙasa, a yi masa doro kamar kunya domin ruwa ya zame. Ruwan da bai shiga juji ba, ba ya buƙatar a tsabtace shi.

(e) Inda ruwan juji ya riga ya taru, a yi masa shinge domin yara da dabbobi.

(f) In ruwan rijiya ya sāke kama ko wari ko ɗanɗano, a daina sha, a kai rahoto a auna shi. Naitret da dalma ba su da wari, saboda haka rijiyar da ke kusa da juji a nemi a auna ta ko ba a ga kome ba.

(g) In ƙaramar hukuma za ta buɗe sabon wurin zuba shara, dagaci da masu unguwa da ƙungiyoyin mata su je su yi tambaya tun kafin mota ta farko ta sauke: Ina ruwan zai bi? Wa zai lura da tafkin? Shimfiɗa bututu a kan fili yana da araha. Bayan shara ta yi tsauni, sai an tone ta.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ina jujin garinmu yake, ina kuma ruwansa yake bi da damina? Taku nawa ne tsakaninsa da rijiya mafi kusa?

2. Me ya sa bakin bututun Fukuoka ba zai nutse a cikin ruwa ba?

3. Waɗanne abubuwa ne bakteriya ba sa iya cirewa daga ruwan juji? Ta yaya za mu hana su shiga tun farko?

4. A cikin ayyuka 7 na sama, wanne ƙungiyarmu za ta gama kafin ruwan farko ya sauka, wa kuma zai shugabanci aikin?